BARCIN KIFI BA HUTU BA NE

Jama'a, a filinmu na wannan mako mun bar tudu mun gangara ruwa. Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, gama tun 1951 aka fara ginin babbar gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato. Amma yau sana'ar ta shiga gidaje. Har malamin ofis za ka iske ya gina kwami a bayan gida ya zuba tarwaɗa, yana jiran wata biyar ko shida ya sami na cefane. Inda dukiya ta taru kuwa, nan rigima ta kan taru.

Ga rigimar da aka fi yi. Falke ya ɗauko kifi masu rai daga nesa, a ce daga Ibadan zuwa Kano, ko iyaye na ƙyanƙyasa ko 'ya'ya na zubawa. Ya iso, an buɗe jarkoki, an ƙirga a gaban shaidu, kowane yana motsi. An biya shi, ya kama hanya. Gari na wayewa sai mai kwami ya tarar kifayen sun juya farin cikinsu sama, shi kuwa nasa cikin ya yi baƙi. Ya ce an sayar masa da marasa lafiya. Falke ya ce ruwan kwamin ne ba kyau. Sau da yawa cikinsu ba wanda ya faɗi daidai. Abin da ya kashe kifin ya auku cikin jininsa ne tun jiya, sa'ad da a ke kamunsa da ɗaukarsa.

Don rage irin wannan hasara ne masana suka fito da dabarar sa wa kifi maganin barci kafin a taɓa shi, kamar yadda likita ya kan yi wa mutum kafin aiki. Dabara ce mai kyau. Amma akwai kuskure guda da ya kamata mu kawar tun daga farko. Mutane suna tsammani in kifi ya kwanta shiru cikin magani hutawa ya ke yi. Ba haka ba ne. Jikinsa ya yi shiru, amma jininsa yana ta sakewa minti bayan minti, kuma in barcin ya yi nisa, sakewar nan ita ma kisa ta ke yi. Wanda ya fahimci wannan shi zai ci amfanin maganin.

YADDA KIFI KE NUMFASHI

In ka ɗaga murfin da ke gefen kan kifi za ka ga wata jar tsoka mai kama da matsefi. Da ita ya ke numfashi, saboda haka a nan za mu kira ta matsefin numfashi. Kifi yana haɗiyar ruwa ta baki, ya fitar ta bayan murfin nan. Fatar matsefin siririya ce ƙwarai, har jini da ruwa su kan yi musaya ta cikinta. Iskar rai da ke narke cikin ruwa, wadda masana ke kira oksijin, tana shiga jini. Gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita tana fita. Ta nan kuma kifi ke zubar da yawancin dattin da mu mu ke fitarwa cikin fitsari.

Zuciyar kifi tana tura jini zuwa matsefin nan da farko, daga can kuma jinin ya zarce ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Saboda haka duk abin da ka zuba cikin ruwan kifi, in mai ratsa fata ne, kafin ka farga ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba a bukatar yi wa kifi allurar barci, sai dai a narka maganin cikin ruwa a sa shi ciki. Ta ƙofar da maganin ya shiga kuma, ta nan mafi yawansa ya kan fita in an mayar da kifin cikin ruwa mai tsabta. To, ku riƙe wannan: in numfashi ya tsaya, ƙofar fitar magani ta rufe ke nan.

Akwai kuma zancen gishiri. Jinin kifin kogi yana da gishiri kimanin giram 8 zuwa 9 a kowace lita, alhali ruwan da ya ke zaune ciki kusan salam ne. Saboda haka kullum ruwa na kutsawa cikin jikinsa, gishiri kuwa na zurarewa waje ta matsefi. Dare da rana yana aikin fitar da ruwan nan ta ƙoda, yana kuma tsinto gishiri daga cikin ruwa. Aiki ne da ba ya tsayawa sai ran da kifi ya mutu.

ABIN DA TSORO KE YI WA JINI

Da koma ta taɓa kifi, ko hannu ya damƙe shi, sai jikinsa ya saki waɗansu sinadarai biyu cikin jini. Na farko sunansa adiranalin, shi nan take ya ke fita. Shi ne ke sa zuciyar mutum bugawa in ya yi arba da maciji. Na biyu sunansa kotisol, shi sai bayan 'yan mintoci ya ke fara hawa, amma ya kan daɗe bai sauka ba. A kifi ana yin su duka biyu a sashen gaba na ƙoda. A waɗansu irin kifi kotisol ya kan ninka goma ko fiye bayan kamu guda.

Su biyun nan aikinsu shi ne su shirya kifi don gudu. Hanta ta saki sukarin da ta ajiye, sukarin jini ya hau. Saifa ta matse ta zubo jajayen ƙwayoyin jini da ta ke ɓoye da su, jini ya yi kauri. Hanyoyin jini na cikin matsefi su buɗe don a sami oksijin da yawa. Amma ƙofar da aka buɗe wa baƙo, ɓarawo ma ta nan ya ke bi: da buɗewarsu sai gishiri ya ƙara zurarewa, ruwa ya ƙara shiga. In kuma kifin ya yi ta fizge-fizge, naman jikinsa ya kan ci sukari ba tare da isasshen oksijin ba, ya haifar da wani tsami irin wanda ke taruwa a cinyar mai tsere. Mu kira shi tsamin gajiya. Mutum ya kan warware daga wannan cikin sa'a guda ko makamancin haka. Kifi kuwa ya kan ɗauki sa'o'i masu yawa.

A 1983 wani masani a Kanada, Chris Wood, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da ya dace da rigimar falkenmu. Sun kori kifin turawut, wani kifin ruwan sanyi na ƙasashen Turawa, har minti 6 ba hutawa, sa'an nan suka ƙyale su. Ba a nan take suka mutu ba. Amma kimanin 40 cikin 100 suka mutu daga baya, yawancinsu tsakanin sa'a 4 da sa'a 8 bayan korar. Kun ga ke nan kifi na iya isowa da rai, a ƙirga shi, a biya, alhali ajalinsa na cikin jikinsa. Banda wannan, kotisol in ya daɗe a sama yana raunana garkuwar jiki. Shi ya sa gyambo da farin fumfuna su kan bayyana a jikin kifi kwanaki kaɗan bayan tafiya.

MAGUNGUNAN DA A KE AMFANI DA SU

Wanda ya fi suna a duniya shi ne wata farar hoda mai suna MS-222. Kamfanin Sandoz na ƙasar Suwizalan ne ya fara haɗa ta wajen 1920, ana neman abin kashe zafi don aikin asibiti, daga baya aka ga ta fi dacewa da kifi da kwaɗi. Aikinta shi ne ta tare saƙon da ke bin jijiyoyi, har ya kasa kaiwa ƙwaƙwalwa ko ya kasa fitowa daga can. Tana da ɗan'uwa mai suna benzoken, wanda aikinsu kusan ɗaya ne.

Na biyu kowa ya san shi, watau man kanumfari. Tsofaffinmu sun daɗe suna danna kanumfari a haƙori mai ciwo, likitocin haƙori ma suna amfani da mansa. Abin da ke kashe zafin wani sinadari ne mai suna yujinol, wanda ya kan kai kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na man. Shi ne ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu, ya kuma fi araha. A ƙasar Niyu Zilan an haɗa wani magani mai suna AQUI-S daga wani sinadari ɗan'uwan yujinol. Akwai kuma metomidet, wanda za mu ambaci halinsa a gaba.

MATAKAN BARCI

Kifi ba ya faɗawa barci gaba ɗaya, hawa hawa ya ke yi. Wani masani Ba'amurke, McFarland, ya tsara matakan a 1959, har yau kuma da tsarinsa a ke aiki, da 'yan gyare-gyare. Da farko kifi zai natsu, ya rage iyo, amma yana tsaye daidai, in ka taɓa shi ya motsa. Na biyu zai fara tangaɗi kamar mai maye, ya karkata gefe. Na uku zai kwanta sarai, ka ɗauke shi a hannu ba ya fizgewa, murfin matsefinsa na motsi a hankali amma daidai wa daida. Na huɗu, motsin murfin ya yi rauni ya riƙa tsinkewa, ko ka matse wutsiya ba ya ji. Na biyar murfin ya tsaya cik. Daga nan in ba a cire shi nan da nan ba zuciya za ta bi.

Matakin farko shi ne na tafiya. Na uku shi ne na aiki, kamar awo a sikeli, ko yin allurar nasa ƙwai, ko tatsar ƙwan. Na biyar kuwa bakin kabari ne. A 1985 masana biyu na Amurka, Marking da Meyer, suka kafa ma'aunin da ya zama abin bi: maganin kirki ya kwantar da kifi cikin minti 3, kifin kuma ya farfaɗo cikin minti 5 bayan an mayar da shi ruwa mai tsabta.

ABIN DA KE AUKUWA CIKIN JINI

Yanzu mun zo ga zuciyar magana. Maganin da ke kwantar da jiki shi ne kuma ke kwantar da numfashi, gama ƙwaƙwalwa ce ke ba murfin matsefi umurnin motsi. Da barci ya yi nauyi sai ruwan da ke bi ta matsefi ya ragu. Oksijin ya daina shiga yadda ya kamata, gurɓatacciyar iska ta daina fita. Ita kuwa in ta taru cikin jini tsami ta ke zama. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to jini ma haka.

A 1989 George Iwama da abokan aikinsa a Kanada suka gwada magunguna biyar a kan turawut. Sun riga sun sa wa kowane kifi siririn bututu cikin jijiyar jini, don su riƙa ɗiban jini ba tare da sun kama shi ko sun tsorata shi ba. Abin da suka gani iri ɗaya ne ga dukan biyar. Da barci ya kai inda numfashi ya tsaya, oksijin na jini ya faɗi ƙwarai, gurɓatacciyar iska ta hau, jini ya yi tsami, adiranalin ya tashi, jinin kuma ya yi kauri na ɗan lokaci. Ku lura, ba wanda ya kori kifayen nan, ba wanda ya damƙe su. Suna kwance shiru, amma jininsu ya ɗauki kamannin jinin kifin da a ke shaƙewa. Abu guda da bai hau ba shi ne kotisol, shi sauka ma ya yi. A nan kuwa amfanin maganin ya ke.

Tsamin jini yana da wata illa ta musamman ga kifi. Jajayen ƙwayoyin jinin kifaye da yawa, har da karfasa, in jini ya yi tsami ba su iya ɗaukar cikakken kayansu na oksijin ko da ruwan na cike da shi. Wani masani mai suna Root ne ya bayyana wannan a 1931. Ke nan abu biyu sun haɗu: oksijin kaɗan ke shigowa, masu dakonsa kuma sun rage ɗauka. Jiki ya kan yi ƙoƙarin gyarawa, saifa ta ƙaro ƙwayoyi, su kuma ƙwayoyin su kumbura. Amma jini mai kauri ya fi wuyar turawa, ga zuciya kuma magani ya rage mata ƙarfi. In aka ci gaba a haka sai tsamin gajiya ya fara taruwa ko da kifin bai motsa ba, sukarin jini kuma ya hau.

To, ku auna da kanku. Kifin da aka kama ba magani yana shan wuyar tsoro da fizge-fizge. Kifin da aka bari ya daɗe cikin magani yana shan wuyar shaƙewa. Riba tana tsakani: barci marar nauyi, na ɗan lokaci kaɗan.

Akwai kuma zancen lokacin sa maganin. In ka bi kifi da koma minti goma cikin kwami, ka zuba shi a busasshen kwando, sa'an nan ka jefa shi cikin magani, ka makara. Adiranalin ya riga ya fita, kotisol ya kama hanya, magani kuwa ba ya mayar da su. Ka tara masa wuya biyu ke nan. Rigakafi ya fi magani: a rage ruwan kwami a hankali, a ɗebo kifi kaɗan kaɗan, daga ruwa zuwa ruwan magani ba tsayawa.

KOWANE MAGANI DA HALINSA

Hodar MS-222 in ta narke tana sa ruwa tsami, musamman ruwan da ba shi da alli, kamar ruwan sama. Tsamin nan yana ƙona matsefi. Tun 1970 wani masani a Amurka, Gary Wedemeyer, ya nuna cewa wani sashe na wahalar da kifi ke sha cikin wannan magani daga tsamin ne, kuma in an kashe tsamin wahalar ta kan ragu. Da hodar bekin soda a ke kashe shi, wadda mata ke sa wa kek, awo biyu nata ga awo ɗaya na magani. Kada wani ya ce zai maye ta da kanwa, gama ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan dutse zuwa wancan. A 2013 kuma masana a Ingila suka ba wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane zaɓi tsakanin ruwa mai magani da ruwa zalla. Suka ga yana gudun ruwan MS-222 da na benzoken. Ashe shigar maganin ma kanta ba daɗi gare ta ba.

Man kanumfari yana kwantar da kifi da sauri, amma farfaɗowa daga gare shi ta fi ta MS-222 jinkiri, yana kuma danne numfashi ƙwarai. Saboda haka tazarar da ke tsakanin awon barci da awon kisa ba ta da faɗi. Ga shi kuma mai ne, ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi. In ka ɗiga shi haka kawai zai tsaya ɗigo ɗigo, wani kifi ya sha da yawa wani ya rasa. Masana su kan narka awo ɗaya cikin awo tara na sifirit. In babu, a zuba shi cikin kwalba da ruwan ɗumi a girgiza sosai har ya yi fari kamar madara, sa'an nan a juye.

Metomidet kuwa yana hana jiki yin kotisol ɗin ne gaba ɗaya. Wannan yana da amfani ga tafiya, amma kada rashin kotisol ya ruɗe ka. Maganin ba ya kashe zafi sosai, saboda haka bai dace da aikin yanka ba.

Zafin ruwa ma yana sake lissafi. Cikin ruwa mai ɗumi kifi na numfashi da sauri, magani ya shige shi da sauri. Ga shi kuma ruwan ɗumi bai riƙe oksijin kamar mai sanyi. Lita guda a digiri 20 tana iya riƙe miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi. Awon da ya yi maka daidai da hunturu yana iya kashe maka kifi da bazara.

ZANCEN TARWAƊA

Yawancin gwaje-gwajen da muka ambata a kan kifin ƙasashen sanyi aka yi su, mu kuwa tarwaɗa muka fi kiwo. Ita tana da wata baiwa. A bayan matsefinta akwai wata tsoka mai rassa kamar ƙaramar itaciya, wadda da ita ta ke shaƙar iskar sarari. Shi ya sa ta ke rayuwa cikin taɓo inda karfasa ba ta kwana. Amma sai ta taso sama ta ke samun wannan iska. In magani ya kwantar da ita a gindin jarka cikin ruwan da oksijin ya ƙare, ta rasa hanyar tasowa, sai ta nutse kamar kowace dabba. Falken da ya ce zai kwantar da tarwaɗa sarai don kada su yi faɗa a hanya, gawa zai sauke.

Ga ƙaramin aiki kuma, kamar allura guda, sau da yawa tarwaɗa ba ta bukatar magani. A rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, ta kan natsu. Magani ya fi amfani ga manyan iyaye masu ƙarfi, waɗanda in sun fizge za su faɗi ƙasa ƙwai ya lalace, ko ƙayarsu ta soki mai riƙo.

MAJIMFA BA MAGANIN BARCI BA CE

Wani zai ce ai kakanninmu sun san wannan, su kan daka majimfa su zuba a gulbi kifi ya taso yana tangaɗi. A'a, wannan dabam. Abin da ke cikin majimfa guba ce mai hana naman jiki amfani da oksijin. Tangaɗin da ka gani na fitar rai ne. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba a Nijeriya. Kada kowa ya kusanto da ita, ko maganin ƙwari, kusa da kwaminsa.

HAKKIN MAI CI

Magani ba ya fita daga naman kifi gaba ɗaya ran da kifin ya farfaɗo. A Amurka doka ta ce kifin da aka sa wa MS-222 ba za a ci shi ba sai bayan kwana 21. Man kanumfari kuwa hukumar abinci da magunguna ta can ba ta yarda a sa wa kifin ci ba, saboda wani sinadari da a kan samu cikinsa ya jawo ciwon daji ga ɓerayen gwaji. A Niyu Zilan da Ostireliya an yarda da AQUI-S ba tare da jiran kwanaki ba. Shawararmu ita ce a bar maganin barci ga iyaye da 'ya'yan zubawa. Kifin da za a kai wa mai tuya ko mai banda cikin makon nan kada a sa masa kome. Wanda ya saya ya amince da kai ne, kuma 'ya'yansa za su ci.

GA MALAMAI MASU ƊIBAN JINI

Ku kuma malaman gona da ɗalibai masu awon jinin kifi, ku sani magani na iya ɓata muku lissafi. In kifi ya daɗe cikinsa za ku ga sukari ya hau, jini ya yi kauri, ku rubuta cewa abincin da ku ke gwadawa ne ya jawo, alhali bokitin magani ne. Ku ɗibi jini cikin 'yan mintocin farko. Ku yi wa kowane kifi magani iri ɗaya, awo ɗaya, minti ɗaya. Ku kuma rubuta duk wannan cikin littafi tare da zafin ruwan.

ABIN DA ZA A KIYAYE

1. A hana kifi abinci kwana guda kafin aiki ko tafiya. Cikakken ciki yana cin oksijin, yana kuma ɓata ruwa.

2. A shirya bokiti biyu tun kafin a taɓa kifi, ɗaya na magani, ɗaya na farfaɗowa, duka daga ruwan da kifin ke ciki, ana kaɗa su ko ana busa musu iska.

3. A auna magani da sirinji ko sikeli, ba da ido ba. Awon man kanumfari da masana suka fi ambata don cikakken barci shi ne miligiram 40 zuwa 100 a lita. Mililita guda cikin jarka mai lita 20 ya ba da kimanin 50. Daga ƙasa a ke farawa. Na tafiya kuwa bai kamata ya kai ko rubu'in wannan ba.

4. A fara gwadawa da kifi biyu ko uku, da agogo a hannu. In sun kwanta kafin minti guda, magani ya yi yawa, a ƙara ruwa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

5. Ido a kan murfin matsefi. Da motsinsa ya fara tsinkewa a cire kifi, ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba.

6. In numfashi ya tsaya, a riƙe kifin cikin ruwa mai tsabta, a buɗe bakinsa, a riƙa tura ruwa a hankali daga baki zuwa matsefi. Zuciya ta kan ci gaba da bugawa na ɗan lokaci bayan numfashi ya tsaya, saboda haka kada a yi saurin fid da rai.

7. A jiƙa hannu da tawul kafin a taɓa kifi, don yauƙin jikinsa rigarsa ce. A zuba gishirin girki giram 2 zuwa 5 a kowace lita ta ruwan tafiya, don a rage masa hasarar gishiri.

8. Kifin da ya miƙe yana iyo bai gama warkewa ba, jininsa na bukatar kwana guda ko fiye. Kada a ba shi abinci ran nan, kada kuma a sake kama shi.

Daga ƙarshe, ga shawara ga falke da mai kwami. Tun da kun ji mutuwar kifi ta kan yi jinkiri, ku daidaita tun wurin ciniki cewa ƙirga ta gaskiya ita ce ta wanshekare, ku kuma yanke wanda zai ɗauki hasarar daren farko, ko yadda za ku raba ta. Wanda ke son ƙarin bayani ya nemi likitan dabbobi ko malamin kifi na jiharsa, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa kusa da tafkin Kainji.

Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka cikin kiwo. Sai mako mai zuwa.